Rasuwar Uwargida Farha Shamash, Mai Ƙirga Takalman Majami'a

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Alƙalin gaskiya wanda ba Ya kuskure, Kwamitin Dattawan Majami'ar Sha'arei Yam da ke birnin Kobe, a madadin Shugaban Jama'a, Mai Girma Dattijo Shaul Hakim, da ɗaukacin iyalan wannan ƙaramar jama'a ta Yahudawa, maza da mata, ya karɓi labarin rasuwar uwarmu kuma Shugabar Matan Majami'a, Uwargida Farha Shamash, matar marigayi Dattijo Eliyahu Shamash, wadda ta cika a gidanta da yammacin Alhamis ɗin da ta gabata bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara tamanin da ɗaya a duniya. An kai ta makwancinta ranar Juma'a kafin shigar Asabar, ranar hutunmu mai tsarki, a maƙabartar baƙi da ke kan dutsen bayan gari, kusa da mijinta. Ta bar ɗanta tilo, Dakta Menashe Shamash, likitan haƙori, da matarsa Uwargida Michiko Shamash, da jikoki mata uku.

Marigayiya ta sauka a garin nan tana amarya, daga gidan 'yan Bagadaza mazauna Bombay, a zamanin da mijinta ke fataucin lu'ulu'u, kuma abin da ta tarar a majami'a taron masu hararar juna ne kawai. A gefe ɗaya ga mutanenmu na Bagadaza da Halab, a ɗaya gefen ga mutanen Rasha da suka biyo ta Harbin, kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai iya karatun Attaura ba, alhali babu ɓangaren da ya isa ya tsai da addu'a shi kaɗai. Saboda maƙwabta da abokan arziki da wannan saƙo zai isa gare su, muna bayyana cewa a wurinmu ba a buɗe Attaura a gaban jama'a, ba a kuma karanta Kadish, wato addu'ar da ɗa ke yi bayan rasuwar iyayensa, sai baligai maza goma sun hallara a wuri ɗaya. Tara ba sa yi, ko da taran nan duk malamai ne. Mace kuwa, bisa al'adar wannan majami'a, ba ta shiga ƙidayar. Kwamiti yana faɗa da babbar murya, kuma da alfahari, cewa matar da ba a taɓa ƙirga ta ba ita ce ta riƙe mana goman nan sama da shekara hamsin.

Da yake al'adarmu ta hana a nuna mutum da yatsa a ƙirga shi, ita kuma majami'ar tsohon gidan katako ce da ake tuɓe takalmi a bakin ƙofa, sai marigayiya ta mai da ƙidayarta kan takalma. Kowace safiyar Asabar za a same ta tsaye a ƙofa, kai a sunkuye, ba ta amsa gaisuwar kowa da daɗin rai sai ta ga takalman mutum goma sun jeru. Idan ta hango za a yi giɓi, tun daga Laraba take fita farauta, daga tashar jiragen ruwa zuwa otal-otal zuwa makarantun da baƙi ke koyarwa, har masu karɓar baƙi a garin nan suka saba, da sun ga Farha-san, yadda 'yan ƙasar ke kiranta don girmamawa, sai su fara duba mata ko wani nata ya sauka. Mu da muka girma a hannunta ba za mu manta da ranar da himma ta kai ta ga kamo wani ma'aikacin jirgin ruwa mai baƙin gemu ba. Aka yafa masa mayafin addu'a, ya zauna tsaf, sai da aka kira shi gaban Attaura ya sa hannu ya zana gicciye a ƙirjinsa, sannan aka gane mutumin Girka ne, ƙamshin miya ya biyo. Dattawa suka yi cirko-cirko, ita kuwa ko a jikinta, cewa ta yi, "To gemun ne ya cuce ni. Ku matsa ku ba bawan Allah abinci, ai ya fi wasunku natsuwa a addu'a." Daga ranar ba ta ƙara kawo baƙo ba sai ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa da na kakarsa, domin a wurinmu ta wajen uwa ake gadon Yahudanci.

Babban aikin da Kwamiti zai daɗe yana tunawa da ita a kai shi ne teburin Idin Ƙetarewa, babban idinmu na shekara-shekara. Mutanen Bagadaza suna cin shinkafa a kwanakin idin, mutanen Rasha kuwa ko ƙwaya ba sa yarda ta kusanci kwanonsu, ga shi muna zaune a ƙasar da ko yaro da shinkafa ake yaye shi. Kafin zuwanta kowane ɓangare a gidansa yake cin idinsa. Ita ce ta kafe kai da fata sai an haɗa tebur ɗaya, ta ɗora tukunya biyu, ɗaya ta shinkafa ɗaya ta dankali, kowacce da ludayinta, ta ɗaura jan zare a ludayin shinkafa don kada a yi kuskure. A kan teburin nan aka yi aure tsakanin ɓangarorin biyu, a kansa aka sasanta waɗanda suka ɓata, kuma a kansa ne, shekaru sama da goma da suka wuce, aka samu hannun da ya musanya ludayi. Kwamiti bai taɓa gano mai hannun ba, kuma ya daɗe da daina bincike. Abin da kowa ya gani shi ne, Mai Girma Dattijo Zalman Gurvich, tsohon mai jan addu'a na ɓangaren mutanen Rasha, ya tsinci ƙwayar shinkafa a cikin miyarsa, ya ɗaga ta a bakin wuƙa ya zagaya da ita kowa ya shaida, sannan ya nufi ƙofa ya sa takalminsa yana cewa, "In kun ƙara ganin ƙafata a gidan nan, ku yanke ta." Mun ambaci sunansa da izininsa, bisa sharaɗin da ya gindaya mana cewa a rubuta shi ne mai gaskiya, ga shi kuma mun rubuta.

Dattijo Gurvich ya riƙe rantsuwarsa, mu kuma dattawa muka riƙe girmanmu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sauko. Marigayiya kaɗai ce ba ta da lokacin wannan. Kowace safiyar Juma'a sai ta gasa burodin Asabar, ta naɗe guda a ƙyalle, ta hau tudun unguwarsu ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, da fari a kan keke, daga baya da sanda. Maƙwabtansa sun haddace zancen da suke yi don ba ya canzawa. Takan ce, "Zalman, mai taurin kai, ga burodinka. Su tara ne fa." Shi kuma ya ce, "To ki ƙirga da kanki mana, matar Shamash, ai kin fi su gemu." Sai ta ce, "Da ana ƙirga ni, me zai hau da ni tudun nan in kalli wannan fuskar taka?" Ya karɓe burodin ya rufe ƙofa. A cikin shekarun nan jama'a ta yi ta raguwa, tsofaffi suna tafiya maƙabarta, samari suna tafiya Tokyo da ƙasashen waje, har aka wayi gari mazan da ke zaune a garin nan da gaske, in an cire shi, tara ne, na goman kullum sai an samo baƙo.

A wannan hali rasuwarta ta same mu, kuma ta zo daidai da guguwar teku da ta tsai da jiragen ƙasa da na sama. Malamin da kan zo mana daga Tokyo ya kasa tasowa, baƙin otal babu ko ɗaya namu, gawa kuma ba ta jira a wurinmu, balle ga Asabar, wadda ba a jana'iza a cikinta, tana ƙaratowa. Muka duba muka sake dubawa, har da shi Dakta Menashe mu tara ne. Ma'anar haka ita ce, matar da ta tara wa iyayen kowa goma, ɗanta zai tsaya a bakin kabarinta bai da ikon karanta mata Kadish. Kwamiti ba ya jin kunyar faɗa cewa a daren nan babu dattijon da bai zubar da hawaye ba, kuma ba na mutuwa kaɗai ba ne, har da na baƙin cikin a ce mun kasa yi mata abu ɗaya da ta shafe rayuwarta tana yi mana.

Da gari ya waye, muna can muna gardamar wanda ya dace ya je wurin Dattijo Gurvich da kalaman da ya dace ya faɗa, ashe surukarta, Uwargida Michiko Shamash, ta tarar da ƙullun da marigayiya ta sa aka kwaɓa mata tun kafin jikin ya yi tsanani. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta gasa shi, ta naɗe guda a ƙyallen da aka saba, ta hau tudun nan cikin ruwa da iska, ta ƙwanƙwasa. Da ya buɗe ya ga ba wadda ta saba zuwa ba ce, sai ta rusuna ta miƙa masa da hannu biyu ta ce, "Baba Zalman, wannan ne na ƙarshe. Su tara ne." Ya karɓa, ya rufe ƙofa yadda ya saba. Ta sauko tana kuka, ta gaya wa mijinta cewa tsohon bai yarda ba.

Haka muka hau dutse mu tara, mata suna biye. Aka saukar da ita, kowa ya zuba ƙasa, Dakta Menashe yana tsaye da yagaggiyar rigarsa ta makoki, littafi a hannu, baki a rufe. Shugaban Jama'a ya riga ya ɗaga hannu zai sallami mutane sai muka ji ƙarar mota a ƙasan hanya. Dattijo Zalman Gurvich ne, mai shekara tamanin da huɗu, direban tasi yana riƙe masa lema, shi kuma yana dogara sanda yana masifa da taɓo da direban da duk wanda ya zaɓi kan dutse ya yi maƙabarta. Ya iso bakin kabari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Me kuka tsaya kuna kallona kamar awaki? Ga ƙafar nan, in yanka za ku yi ku bari a gama. Menashe, ɗana, karanta wa uwarka." Dakta Menashe ya karanta Kadish, muryar mutum tara ta amsa masa, kuma wadda ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta tsohon da ya yi shekaru bai amsa amin a cikinmu ba.

Kwamiti yana alfahari da wannan mata, yana alfahari da gidan da ta gina da surukar da ta tarbiyyantar, yana kuma alfahari da wannan jama'a tamu, ƙanana da mu, masu yawan gardama da mu. Don girmama ta, Kwamiti ya zartar cewa teburin Idin Ƙetarewa zai ci gaba da zama ɗaya, da tukunyarsa biyu da jan zarensa, muddin akwai Bayahude biyu a garin nan. Dattijo Gurvich ya sanar da mu zai halarta, ya ce mu ci shinkafarmu can mu ƙarata, shi dai a ba shi dankalinsa, kuma da kansa zai riƙe ludayi.

A madadin Shugaban Jama'a, Mai Girma Dattijo Shaul Hakim, da 'yan Kwamiti, da Ƙungiyar Matan Majami'a, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Dakta Menashe Shamash, da Uwargida Michiko Shamash, da 'ya'yansu, da dangin marigayiya na nesa da na kusa, muna roƙon Ubangijin Ibrahim da Ishaku da Yakubu Ya sanyaya zukatansu tare da na dukan masu makoki, Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya sa ta huta a cikin iyayenmu na kirki, Ya kuma sa ambatonta ya zame mana albarka. Muna godiya ga maƙwabtanmu na unguwa da suka tsaya mana a cikin ruwan nan, da masu shagunan da suka rufe ƙofa lokacin da aka fito da ita.

Ana zaman makoki na kwana bakwai a gidan marigayiya, ana addu'a safe da yamma. Muna roƙon duk namijin da zai zo ya jera takalminsa da kyau a bakin ƙofa, domin Uwargida Michiko ce ke tsaye a wurin yanzu. Ta shaida wa Kwamiti cewa da safiyar yau ta ƙirga takalman mutum goma, kuma na farkon isowa tsofaffin baƙaƙen takalman Dattijo Gurvich ne, waɗanda har yanzu taɓon dutse bai gama fita daga jikinsu ba.

Sa hannu:
Nissim Antebi
Sakatare kuma Kakakin Kwamitin Dattawa,
Majami'ar Sha'arei Yam, Kobe