Fuskokin da Suhaibu Ya Haɗa

Toranke, Lahadi

Zuwa ga ɗana Suhaibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya mutanen Gaya? Mu nan sai godiyar Allah, gero ya fara fitar da kai.

Na rubuto a takarda na ba Da'u direba ne saboda ɗakinmu ɗaya da mahaifiyarka, in na kira ka a waya tana jin komai, kuma ta hana ni faɗa maka. Ƙafar nan da ciwon suga ya taɓa ba ta yi kyau ba. Babban yatsan ya yi baƙi, ya kuma fara wari, ka yi haƙuri da maganata.

Murja, ma'aikaciyar lafiyar da ƙungiyarku ke turo mana duk mako, ta zo da sabon abu a wayarta. Da can tambaya take yi ta rubuta. Yanzu wasu fuskoki ne a jere, ɗaya na murmushi, ɗaya ta yi shiru, ɗaya na hawaye, mara lafiya ya danna wadda ta dace da shi. Ta ce kai ka haɗa su. Mahaifiyar taka, Yaya Zinariya, ta daɗe tana kallo, sannan ta danna mai murmushin. Murja ta ce, "Iya, ƙafar fa?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni tambayata, in an danna fuskar nan, ina take zuwa?

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Hanne

Gaya, Talata

Inna Hanne,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ku sosai. Takardarki ta tayar min da hankali, don ko jiya da muka yi waya da Umma, lafiya lau ta ce min.

Eh, ni na sa fuskokin a fom ɗin. Tsofaffinmu da yawa ba sa karanta boko, shi ya sa na ga hoto zai fi musu sauƙi. Kowace fuska da lambar da ke ɓoye a bayanta. In an danna, lambar ta tafi kwamfutarmu ta intanet, ita kuma ta jera marasa lafiya. Masu fuskar hawaye su ne a sama, su motarmu ke ɗauka ƙarshen wata zuwa asibiti a Kano, a yi musu aiki kyauta. Mai murmushi yana can ƙasa, ba wanda ke duba shi.

Inna, abu mai sauƙi ne. In Murja ta dawo, ki karɓi wayar ki danna mai hawayen. Zan shigo ranar Juma'a in sha Allahu.

Ɗanki, Suhaibu

Toranke, Laraba

Ɗana Suhaibu,

Salamu alaikum. Ina fata ka isa Kano lafiya wajen kwas ɗin da aka tura ku.

Ka zo Juma'a ka gan ta zaune da atamfarta ta zuwa biki, ɗaki na ƙamshin turaren wuta, ka fito kana ce min, "Inna, ashe abin bai kai haka ba." Ga abin da na ɓoye maka saboda tana jinmu. Tun hantsi ta sa na tashe ta zaune, ta ja zane ta rufe ƙafar. Motarka na juyawa ta kwanta, ba ta ko iya shan kunu ba.

Maganar in danna mata, na yi tunani sosai. Murja ta ce dokarku ita ce mara lafiya ya danna da hannunsa, kuma an kori wata ma'aikaciya a garin Gafasa kan haka. Ko ba dokar ma, a saman fuskokin an rubuta "Yaya kike ji?" Ita ake tambaya. In na sa yatsana na ce nata ne, na yi shaidar zur, ga ta kuma idonta biyu tana ce min kar in soma.

Na lallashe ta, na karanta mata abin da na sani a kan neman magani. Ta ce ba ta ƙi magani ba, in masu asibiti suka aiko a zo da ita za ta bi su, amma ba za ta hau motar Da'u ta kai kanta ba kamar wadda ta gaji da haƙuri. Ta ce, "Hanne, wanda ya bar min numfashi zan nuna wa fuskar kuka? Ko kan gawa aka tambaye mu, me muke cewa?"

Sai na ce mata ai kai ka haɗa abin, kai ma ka ce ta danna mai hawayen. Ka san ba ta kama sunanka. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Yaron nan ne ya zana waɗannan? To ni ce zan ɓata masa aiki da hawaye, manyansa su gani?" Jiya ma mai murmushin ta danna, har da shafa gilashin wayar.

Ba ita kaɗai ba ce. Murja ta ce a duk unguwarmu mutum ɗaya ne ya taɓa danna mai hawayen, Maiwada mai shayi, shi ma haƙori ne ke damunsa.

Ko da abin da za ka iya yi daga can?

Innarka, Hanne

Kano, Asabar

Inna,

Ina gaisuwa. Na gyara fom ɗin, na ƙara wurin da ma'aikaciya za ta ɗauki hoton ciwo ta tura, ba sai an dogara da fuska ba. Amma oga ya ce ba a ɗora sabon gyara sai an gwada shi, sai wata mai kamawa. Na roƙe shi ya sa sunan Umma da hannu, ya ce an riga an buga jerin wannan watan, mota ta cika, kuma in aka yi wa uwar ma'aikaci haka kowa zai kawo tasa. Har yabona ya yi, wai ƙaramar hukumarmu ta Ajingi ce ta fi ko'ina samun sauƙi.

Ana sakinmu daga kwas Alhamis. Zan zo da mota, ko tana so ko ba ta so.

Suhaibu

Toranke, Litinin

Suhaibu,

Salamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri. Na ga ba ka iya zama ba bayan sadakar uku, ban riƙe ka ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Murja ta zo ta'aziyya ɗazu. Da za ta tafi ta ce dole ta cire sunan Yaya daga fom. Ta zaɓi "ta rasu", ta sa ranar Laraba, amma abin ya ƙi tafiya. Jan rubutu ya fito, wai sai an zaɓi fuska. Ta gwada ta sake gwadawa, yarinyar har da kuka. Ta miƙo min wayar ta ce, "Inna, wacce zan danna?"

Na ce ta danna wadda Yaya ta saba.

In ka koma aiki, ka duba wannan wurin, don kar a sake tambayar wani gida.

Innarka, Hanne