Wa Zai Ɗaura wa Fusae Ɗamara?

Osaka, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa? Ina fatan kina jin maganar likita, ba kya ɗingisawa zuwa bakin teku kallon masunta. Da waya na buga, na san sai dai in yi ta ihu kina cewa "me kika ce?", shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, albishirinki! Na tsallake zagayen farko! Ranar Lahadi ƙanwarki, mai shanyar kifi a tsibirin Sado, za ta hau babban dandali a gasar waƙoƙin gargajiya ta ƙasa. Da aka kira sunana sai da na rungume wata mata da ban taɓa gani ba.

Masaukin nan mai araha kuwa, ke dai bari. Gado ya cinye ɗakin, in na buɗe akwati sai na hau katifa kafin in rufe ƙofa. Taga tana kallon bangon maƙwabta, banɗaki kamar kwandon kifinmu, talabijin ma sai ka saka mata kwabo take magana. Da safe a ba ka burodi da dafaffen ƙwai, ka ci a tsakiyar ma'aikata masu baƙaƙen kwat, kowa fuska a murtuke. Amma ina son wurin, har rigar barcinsu mai tambari na sa na yi ta juyi a gaban madubi.

Damuwata biyu ce. Bangon siriri ne, da na ɗaga murya zan yi bita sai na ɗakin kusa ya hau bugunsa. Wani marar kunya ne, ban gan shi ba tukuna. Ta biyu ta fi girma. Yau da kayan gida muka yi waƙa, ranar Lahadi kuwa dole sai da kimono, doguwar rigar gargajiya mai ɗamara. Na zo da na marigayiya Inna, amma tun ina budurwa ke kike ɗaura mini ɗamara, ga kafaɗata ba ta kaiwa baya. Shagon kwalliyar unguwar sai hantsi yake buɗewa, mu kuma tun da sassafe ake nemanmu. Ya zan yi?

Ki gaida kowa. Taki,
Fusae

Sado, ranar Alhamis

Fusae,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa da sauƙi, sanyi ya fara shigowa. Na yi murna, na kunna wa Inna turare a gaban hotonta na faɗa mata. Ke kuma ki rage rawar kai, ba a ci gasar ba tukuna.

Ki saurare ni da kyau. Ƙarshen waƙarki dogon numfashi ɗaya ne, can kike faɗuwa duk shekara a gasar lardi. In ɗamara ta matse ciki, ba za ki kai ba. In ta yi sako-sako, ta warware a gaban jama'a, kin kunyata mu har kabari. Ni yatsa biyu nake bari tsakaninta da cikinki. Ki ɗaura ta gaba, ki juya ƙullin baya a hankali.

Abu ɗaya na hana ki: kada ki bar wata 'yar gasa ta taɓa miki ɗamara. Za ta yi miki murmushi ta shaƙe ki, ki hau dandali kina haki. Na san halinki, kowa ya washe miki baki ya zama ɗan'uwa.

Na aiko wannan ta wasiƙar gaggawa, kada ki ce ba ki gani ba.

Yayarki,
Tokiko

Osaka, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, wasiƙarki ta iso jiya. Na gwada dabararki. Ɗamarar Inna ta fi ɗakin tsawo, baki ɗaya yana kan gado ɗaya yana banɗaki, ni ina tsakiya ina juyi. Gwiwar hannuna ta doki bango, fitila ta faɗi, ƙullin kuwa ya tsaya a kwiɓina ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ina cikin wannan hali aka sake buga bango. Raina ya ɓaci, na fita da silifas na ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Ashe mace ce! Gajera, mai jiki, da tawul a wuya. Sunanta Kariya, daga Miyazaki, kuma ita ma ranar Lahadi za ta hau dandali.

Na ce, "Baiwar Allah, bangon nan ya ci miki bashi ne?"

Ta ce, "Au, ke ce mai kukan agwagwar? Duk sanda na fara tawa sai taki ta shigo ta ɓata mini kari. Har na haddace waƙarki ba da sona ba."

Na ce, "Ni ma ai na ji taki, na ɗauka famfo ne ya lalace."

Sai ta dubi abin da ke rataye a kwiɓina, ta fashe da dariya har da dafa ƙofa. Ta ce, "Shigo ki ga tawa." Yaya, tata ɗamarar na nan a yashe kan gado. 'Yarta ce za ta rako ta, haihuwa ta zo mata da wuri. Ta ce, "Ni kafaɗata lafiya lau, hannun ne ba ya zagaye ni."

Ta ba ni shayi da dankalin garinsu, na ba ta busasshen kifinmu. Ta ce gobe ta ɗaura mini, in ɗaura mata. Maganarki tana ta yi mini yawo a kai, kuma gaskiya ina jin tsoro, don matar nan tana son cin gasar kamar yadda nake so. Amma ba ni da wani hannu a Osaka. Ki yafe mini, na amsa mata.

Taki,
Fusae

Osaka, ranar Litinin

Yaya! Yaya!

Gaisuwa a gurguje.

A baranda muka yi shirin, don ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu da ɗamara. Wani ma'aikaci ya fito da jakarsa, ya gan mu, ya rusuna ya koma ciki. Ni na fara ɗaura mata, na yi mata tsakani da Allah. Ita kuma ta zagayo bayana ta ja. Na ce, "Yatsa biyu Yayata take bari."

Ta ce, "Yayarki ba ta kwana a bayan bangon nan ba. Kafin dogon baitin nan kina jan iska sau biyu, ta biyun ba ta samun wurin zama. Uku zan bari, in sauke ta ƙasa kaɗan. Yi shiru ki ja numfashi."

Na ce, "In ta warware fa?"

Ta ce, "In ta warware ki cire tawa ki shaƙe ni da ita."

Na hau dandali, fitilu sun kashe mini ido, ban ga kowa ba. Da na iso ƙarshen waƙar na ja iska, sai na ji ta sauka har ƙasan cikina. Na riƙe, na riƙe, Yaya, na kai har ƙarshe, da saura ma! Ban taɓa kaiwa ba sai jiya. Ɗamarar Inna ko motsi ba ta yi ba.

Na zo ta uku! Kariya ta zo ta huɗu, kuma uku kawai ake ba kofi. Na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa ta dake ni a baya ta ce, "Da na sani da biyun na bari. Mu je ki saya mini taliya, agwagwa." A hanya na ga tana share ido, ni ma na yi kukana.

Ga hotonmu da mai hoton gasar ya ɗauka ta baya, don ki duba aikin. Sai Juma'a zan taso, za mu zaga gari tare.

Taki har kullum,
Fusae

Sado, ranar Laraba

Fusae,

Gaisuwa. Hoto ya iso. Ƙullin da ta yi miki ya karkata hagu, wanda kika yi mata kuwa gara kada in yi magana.

Na ajiye shi kusa da hoton Inna. Tun da labarin ya bazu maƙwabta ke sintiri, na gaji da dafa shayi.

Ki karɓo mini adireshin matar nan, zan aika mata kifi mai kyau, ba irin wanda kika ba ta ba. In kin dawo ki sa kimonon ki tsaya a gabana, ki nuna mini daidai inda ta sa yatsa na ukun.

Yayarki,
Tokiko