An Ce Na Yi wa 'Yar Yayana Horon Yunwa

Anti Baraka, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ƙoƙari. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta sa na yanke zumunci da hannuna, domin yau kwana tara ke nan da aka aiko mini da wani saƙo, na kasa cewa to, na kasa cewa a'a.

Ni malamar firamare ce a cikin garin Rogo. Shekarata goma sha huɗu da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba. Da matar yayana Mijinyawa ta rasu a Yammedi ta ƙasar Karaye, ta bar yarinya 'yar shekara biyu mai suna Rumasa'u, shi Mijinyawa da kansa ya goyo ta a babur ya kawo mini, ya ce ga 'yarki nan har aure. Ban roƙa ba. Maigidana Malam Awaisu ya karɓe ta hannu bibbiyu, har yau in zai ambace ta sai ya ce 'yar gidan nan.

Tun ranar da ta zo siririya ce, ga ɗan ƙaramin kai, hannuwa kamar sillen kara. Loma uku sai ta ce ta ƙoshi. Babu abin da ban gwada ba: kunun gyada da madara, dafaffen ƙwai, alale, fura da kindirmon da wata Bafulatanar Zoza ke kawo mini. Nakan bi ta da kwano daga ɗaki zuwa zaure ina waƙa ina lallashi, sau da yawa har na makara, hedimasta ya yi mini faɗa. Asibitin garinmu kuwa har ma'aikatan sun san mu. An ba da maganin tsutsar ciki, an gwada jini, an ce ba sikila ba ce, ba tarin fuka ba ne, a dai ci gaba da ba ta abinci. Tana wasanta, ba ta cika kwanciya ciwo ba, sai dai ta yi jinkirin magana, karatu kuma yana yi mata nauyi. Shekara shida muna haka.

Bara da kaka aka yi suna a Beli, gidan wata 'yar'uwarmu. Na yi wa yarinyar sabon ɗinki, na yi mata kitso da lalle. Muna zaune tsakar gida cike da mata, sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce babba a dangi yanzu, ta kira yarinyar. Ta zagaye damtsenta da yatsu biyu, ta ɗaga hannun sama yadda kowa zai gani, ta ce: "Ku dubi abin da 'yar boko ta yi da marainiya. Wadda ba ta san zafin naƙuda ba ai da cokali take auna tuwo."

Anti, babu wadda ta tsaya mini. Har matan da suka sha zuwa gidana suna ganin yadda nake fama, sunkuyar da kai suka yi. Bayan kwana uku Yaya ya zo Rogo ya ce Goggo ta ce a mayar da yarinya. Ko tabarma bai taka ba. Rumasa'u ta ƙanƙame zanena, shi ya riƙa ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Maganar ta riga ni komawa makaranta. Akwai uwar da ta je ta roƙi a cire ɗanta daga ajina, wai mai iya yi wa 'yar yayanta horon yunwa babu abin da ba za ta yi wa ɗan wani ba.

A wurin Goggo, can gidan Yaya a Yammedi, aka shiga ɗura da jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, sai aka sayo maganin ƙiba wurin mai talla a kasuwa. Fuskarta ta kumbura, suka ɗauka ƙiba ce, har aka turo mini hotonta a waya wai in ga bambancin riƙo. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba. Wata biyar da fara maganin yarinya ta kwanta rai a hannun Allah, sai da aka dangana da wani babban asibiti a Kano. Likitoci suka janye mata maganin a hankali, kumburi ya sace, ta koma siririyarta.

A can ne wata likita da ke bincike kan girman jikin yara ta nemi izini ta ɗauki jinin yarinyar da na ubanta. Ƙanwarmu Laure ce ta yi jinya, ita ta zauna da su ranar da sakamako ya fito, ita ta ba ni labari. An ce wani yanki na ƙwayoyin halittar yarinyar ya ninku, maimakon biyu irin na yawancin mutane, ita uku gare ta, kuma masu irin wannan sukan kasance sirara, masu saurin ƙoshi, komai gatan da suke ciki. Sannan aka ce wurin ubanta ta gada. Yayan nawa da tun yana saurayi ake kiransa Sanda, wanda duk shekara yana cika rumbu amma wando ba ya zama a ƙugunsa sai da igiya. Shi wa ya yi masa horon yunwa?

To yanzu shi ne ya aiko Laure wai in je in ɗauki 'yata, ba ta cin abincin kowa, kullum sai kiran Mama. Babu yi haƙuri, babu mun zalunce ki. Goggo kuwa cewa ta yi likitoci su yi ta faɗin abin da suka ga dama. Ni na rantse a raina ba zan taka Yammedi ba sai an wanke ni a gaban matan da aka kunyata ni a gabansu. Maigidana yana cewa in bar wa Allah in je yau. Shi ba shi aka nuna da baki ba. Amma kuma katifar yarinyar tana nan a shimfiɗe, ban taɓa iya naɗe ta ba. Anti, ni jaka ce da za a ɗora mini kaya a sauke duk sa'ad da aka ga dama? Ya zan yi?

Uwar riƙo mai ƙunar zuciya, daga Rogo.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. An zalunce ki, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Gorin haihuwa a bainar jama'a ba tarbiyya ba ce, ko daga bakin wa ya fito. Shirun matan da suka san gaskiya ya fi ba ni haushi a kan maganar Goggo.

Na tuntuɓi wata likita kan abin da Laure ta gaya miki, ta ce bayanin ya yi daidai da abin da aka sani. Kowane ɗan Adam yana gadon ƙwayoyin halittarsa bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani lokaci akan samu wani yanki ya maimaitu ko ya ɓace, kamar mai kwafar littafi da hannu ya rubuta shafi sau biyu ko ya tsallake shi. Dukkanmu muna da irin wannan nan da can, yawanci ba ya yin komai. Amma akwai wuraren da yake taɓa tsawo, ƙiba, girman kai, har da saurin fahimta. Akwai wani wuri sananne da in yankin ya ninku mutum yakan rame, in kuma ya ɓace yakan yi ƙiba da yawan ci. Ƙarfinsa ya bambanta ko a gida ɗaya, shi ya sa uban yake nomansa lafiya, 'yar kuwa take buƙatar ƙarin kulawa. Ba laifinki ba ne. Ki lura kuma, ba laifin yayanki ba ne, domin babu mai zaɓen abin da zai gada ko ya gadar.

Ga ɗaya ɓangaren. A ƙauyukanmu yawancin yaran da ake gani a rame, yunwa ce ko cuta, don haka tsoron Goggo yana da tushe. Kuskurenta shi ne ta yanke hukunci ba ta tambaya ba, ta kuma zaɓi taro. Yayanki kuwa mutum ne da ya kusa rasa 'yarsa da maganin da aka sayo a gidansa, sannan aka ce masa abin daga jikinsa yake. Ina kyautata zaton kunya ce ta sa ya aiko Laure, ba raini ba. Wannan bai sauke masa nauyin ba ki haƙuri ba.

Shawarata, ki raba maganar gida biyu. Haƙƙinki daban, yarinya daban. Rumasa'u ba ta yi miki gori ba, kuma duk ranar da kika ƙara kina jiran ban haƙuri, ita ce take biya da cikinta. Rantsuwar da kika yi cikin fushi, ki tambayi malami kaffararta. Ki je cikin makon nan, ke da Malam Awaisu, da wani dattijo da Yaya ke jin nauyinsa. A gaban dattijon a yi magana a fili: riƙo ya dawo hannunki, ba mai sake ɗauke ta saboda maganar taro, kuma takardun asibiti su biyo ta. A nan ne za ki gaya wa yayanki, ba da hayaniya ba, abin da aka yi wa sunanki a Rogo, ki nemi ya zo da ƙafarsa ya gaya wa hedimastanku da maƙwabtanki gaskiya. Wannan yana iya yinsa, kuma ya fi amfani gare ki. Kada ki yi masa gori da sakamakon gwajin, don kin san ɗacin gori a kan abin da Allah Ya halitta.

Goggo kuwa, kada ki sa ran tsohuwa za ta tara mata ta ce ta yi kuskure. Mai yiwuwa ta yi, mai yiwuwa har abada ba za ta yi ba. Ki gaishe ta don Allah da darajar mahaifinku, amma kada ki sake barin wani ya ba yarinyar magani sai da sanin likita. Maganin ƙiban talla ya nakasa yara da yawa.

In ta dawo, ki daina auna ƙoƙarinki da kaurin hannunta. Ki riƙa ba ta abinci mai gina jiki kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba tare da dole ba, ki kiyaye ranakun asibiti, ki bi ta a sannu a karatu, ke ce ma malama. Wataƙila har ta girma siririya za ta kasance. Abin nema shi ne ta tashi da lafiya, ta kuma san jikinta ba abin kunya ba ne, domin ita ma ta ji abin da aka faɗa a Beli, kuma ta fi ki buƙatar a wanke ta.

Allah Ya huci zuciyarki, Ya raya Rumasa'u a hannunki, Ya sa ki ga aurenta.

Anti Baraka