Garkuwar da Kawu Ya Tattake

Inna,

Ina gaishe ki, ko da yake na san babu mai kai takarda inda kike. Zan rubuta duk da haka, don cikina ya cika.

Kin tuna garkuwar fuskar da na yi miki lokacin korona? Mutuwa ta yi yawa a unguwarmu ta Limancin Kona, ke kuma ke ce mai wankan gawar mata. Na buga zanen a firintar gida, na yanka farar robar bangon littafi a kansa, na manna soson tsohuwar katifa a goshi, na ɗaura robar wando. Kika sa, kika yi ta dariya wai kin zama mai walda.

Sai yayanki Kawu Sale ya tare ki a zauren gidan rasuwa, wai ƙyamar gawar Musulmi kike yi. Ya fizge ta har bakin robar ya tsaga miki gira, ya tattake ta. Kika goge jinin da mayafi, kika shiga kika yi wankan haka nan. Ba a jima ba tari ya kama ki.

Ban taɓa faɗa miki ba, amma har ke ina jin haushi. Me ya rufe miki baki? Girman wa ne ya fi numfashinki? Na bincika littattafan da yake taƙama da su, ban ga inda aka ce mai wanka ta bi gawa kabari ba.

Ranar sadakar ukunki ya zo sanye da takunkumi, yana ƙin musabaha da mutane. Na maka masa butar ƙarfe a baki, haƙori ya fita. Dangi sun daina gaishe ni. Ban yi nadama ba.

Yau da safe matarsa, Gwaggo Asabe, ta rasu. Mashaƙo ne. Kowa ya ja baya, sai ga aike wurina, tunda a hannunki na koyi wankan. Zan je, domin ita ce ta ɗaure miki girar nan. Na yanka sabuwar garkuwa, da ita zan ratsa zaurensa a gaban jama'a. In ya miƙo hannu, wallahi sai an kira mai ɗori.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna. Sai na zo.

'Yarki da ba ta gaji haƙurinki ba,
Binta