Ƙurjin da Na Goge a Lambar Jamus

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, na san wannan takarda ba za ta taɓa isa hannunka ba. Ko kana raye ma miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka. Amma na rasa wanda zan gaya wa ya yarda, shi ya sa na zauna a kan buzunka a maƙera nake rubutawa.

Inna tana nan da ciwon ƙafarta. Hadiza ta haihu, namiji, sunanka aka sa masa. Iyakar labarin daɗin ke nan.

Baba, an kai sunanka kotu.

Ka tuna lambar yaƙin da amininka Baba Ilu ya ba ka ajiya sanda ya koma Mai'adua? Baƙin ƙarfen nan mai hannu huɗu da azurfa ta zagaye bakinsa, wadda mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin Jamus a Kamaru. Baba Ilu bai daɗe a bayanka ba. Da ɗansa Lawal ya zo karɓa, na ɗauko ta a gwangwanin da ka adana ta na ba shi, har ya yi ta sa maka albarka. Magada suka yanke a sayar. Wani dillalin kayan tarihi daga Kano ya ɗauki hotunanta ya tura wa wani Bature da ya san kan irin waɗannan lambobi.

Ashe Jamusawa ba zubi suke yi irin namu ba. Bugawa suke yi da wani ƙarfe mai zane, kamar hatimi, kuma kowane gidan ƙira da nasa ƙarfen da haruffansa a jikin zoben rataya. Baturen ya ce ƙarfen gidan da ya buga ta Baba Ilu ya tsage a kusurwa, don haka duk lambar da ta fito daga ƙarƙashinsa tana da ɗan ƙurji a hannun ƙasa, inda ƙwayoyin ado uku suka manne da juna. Da wannan aibin ake gane ta gaske. Tamu kuwa haruffan suna nan, ƙurji babu, wurin sumul. Ya ce jabu ce, kuma wanda ya ƙera ta gwani ne.

Wa ake kira gwanin azurfa a duk unguwarmu in ba kai ba? Lawal bai tsaya dogon tunani ba. Ya ce wai ka sayar da ta ubansa, ka ƙera wata ka sa a gwangwani. Maganar ta zaga Daura kafin ta iso ƙofarmu. Matan da suka shekara goma suna barin sarƙoƙinsu a akwatinka sun zo ɗaya bayan ɗaya sun kwashe, wata har da sawa a auna mata a gabana. Inna ta daina zuwa biki da suna. Kai da ko ƙurar azurfar mutane sai ka tattara a takarda ka mayar musu, yau kai ake nunawa da baki.

Ni ne, Baba. Ni na goge ƙurjin.

Lokacin da ciwo ya kwantar da kai na buɗe gwangwanin na ga azurfar ta yi baƙi, na ce bari in wanke. Sai na rufe ido na bi bakinta da babban yatsa, yadda kake yi wa aikina. Yatsana ya tuntuɓe. Ka san sau nawa ka mayar mini da zobe wuta saboda tuntuɓe irin wannan? Har dariya na yi, wai Turawa da duk injinansu sun bar aiki da aibi. Na ɗauko ƙaramin magagari na raba ƙwayoyin nan uku, na zagaye kowace, na goge har ba ka bambance su da 'yan uwansu. Na taso da murna zan nuna maka. A bakin ƙofar ɗakinka na tuna kai ba ka taɓa amana, ko da gyara ne. Na juya na mayar da ita gwangwani na rufe. Kwana tara bayan nan ka tafi.

Na faɗa wa Lawal duk wannan. Ya kalle ni da tausayi, ya ce ɗa nagari dole ya rufa wa ubansa asiri. Na faɗa wa alƙali, ya tambaye ni shaida. Wa ya gan ni? Ɓoyewa na yi don kada kowa ya gani.

Shekaranjiya ina birkice akwatinka na tsinci wani abu da ya ƙara jefa ni cikin uku. Na san al'adarka ce duk abin da aka ba ka ajiya ka danna shi a kakin zuma, don ranar mayarwa kada a yi musu. Na sami na lambar, naɗe a tsumma. Ƙurjin yana nan a jiki ɓaro-ɓaro. Na yi hamdala, sai kuma na sake tunani. In na kai shi kotu, me zai nuna? Cewa abin da aka ba ka yana da ƙurji, abin da muka mayar ba shi da shi, kuma ka ɗauki siffarsa a kaki kamar yadda mai shirin zuba jabu yake yi. Tsoron Allah ne ya sa ka yin haka, amma wa zai karanta tsoron Allah a jikin kaki? Na ɗaga shi a kan garwashi har ya fara laushi, sai na ga zanen yatsanka a gefensa, na kasa narkar da shi.

Me ya sa ban shigo ɗakin ba ranar nan? Da ka yi mini faɗa, da ka aika an kira Baba Ilu ka gaya masa, da magana ta mutu a tsakaninku kuna dariya. Tsoron ɓacin ranka na yini ɗaya ya sa na bar ka da wannan, kana inda ba ka iya kare kanka.

Abu ɗaya ya rage. Alƙali ya ce dillalin ya dawo ranar Litinin da gilashin da ke ƙara girman abu, a duba wurin a gaban kowa. In an ga sawun magagari, to an goge ne, maganata ta tabbata, laifi ya dawo kaina inda ya dace. In ba a gani ba, shi ke nan, sai dai a lahira. Zan tafi da kakin da magagarin, zan yi alwala in rantse in an nema.

Amma ina tsoro, Baba, don na san yadda na yi aikin nan. Kai ka koya mini. Na bi shi da gawayi, na bi da fata, na rufe ido na shafa har sau uku yatsana bai ji komai ba. Tun da na fara riƙe magagari burina ka duba aikina ka rasa abin cewa. Yau kuwa duk sujadar da na yi abu ɗaya nake roƙo, Allah Ya sa hannuna ya yi kuskure, Ya sa na bar ko da kwarzane ɗaya.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya wanke sunanka ko da nawa ne zai ɓaci.

Ɗanka da ya taɓa amana,
Sanusi