Agarar Bastien da Rahoton da Na Ƙi Sa wa Hannu

Zuwa ga Baba Dakta Haladu,
Babban Likitan Gasar Tanis,
Salford, Manchester.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ce Maimuna, 'yar amininka marigayi, mai aikin fisiyo, wato gashi da motsa gaɓoɓin masu rauni, a Birmingham. Kai ka tarbe ni a filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar nan, kuma kai ka saka sunana cikin masu duba 'yan wasa. Ban manta ba. Na kira ka sau uku ban same ka ba, na je gida Hajiya ta ce ka fita, shi ya sa na kawo maganar nan dandalin 'yan uwa, inda na san za ka karanta. Raina a ɓace yake, Baba, kuma rabin ɓacin ran da kaina nake yi.

Na ɗaya. Mutumin da nake magana a kansa sunansa Bastien, Bafaranshe, shekarunsa ashirin da tara. Mutanenmu in sun ji ɗan tanis sai su hango wanda ake nunawa a talabijin. Bastien ba ya cikinsu. Sunansa yana can ƙasan jeri, inda babu koci, babu 'yan kallo sai tsofaffi biyu da karensu. Da bas yake zuwa gasa, shi yake ɗaure wa raket ɗinsa na buga ƙwallo igiya, shi yake wanke rigunansa ya shanya a jikin taga. Shekara goma ke nan yana wannan yawo daga gari zuwa gari, kuma bana ne kawai ya fara hango matakin da zai shiga manyan gasa. Na fara ganinsa a ƙaramar gasar Birmingham, mako guda kafin taku. Agararsa ta dama tana ciwo, na ɗaure masa, na rubuta a littafina.

Na biyu. A Manchester ruwan sama ya hana wasa kwana biyu, sai aka haɗa masa wasa biyu a rana ɗaya, a kan ciyawar da ba ta gama bushewa ba. Ya ci na safe. Da ya hau gadon duba marasa lafiya na taɓa agarar, ta kumbura, ta yi zafi, ba ya iya tsayawa a kan yatsunsa sai ya cije leɓe. Shi da bakinsa ya ce mini idan likita ya ce ya haƙura zai haƙura, domin ƙafar nan ita ce duk abin da ya mallaka. Na aika a kira ka. Ka shigo tare da alƙalin gasa da mutum biyu na kwamiti, ka matsa wurin da babban yatsa, ka ce gajiya ce, a ƙara ɗauri ya shiga. Ko takalminsa na hagu ba ka sa ya cire ba, balle ka gwada ƙafafun biyu.

Na uku, kuma nan ne laifina. Na san ba gajiya ba ce. Amma a gidanmu ba a koya mini in musa wa babba a gaban baƙi ba, balle aminin ubana. Sai na sunkuyar da kai na ɗauko bandeji, da niyyar in same ka a gefe in faɗa maka mu biyu. Ka fita tare da su. Na neme ka a ofis, aka ce kana wajen ɗaukar hoto da baƙin gasa. Na tsaya a bakin tantin da kuke ciki ina jiran ka gama gaisawa, domin ko a nan ma kunya ta hana ni katse ka. Ina tsaye aka kira sunan Bastien a lasifika. Ya hango ni kafin ya shiga fili, ya ɗaga mini babban yatsa. Ya ɗauka shiruna yarda ce.

A zagaye na biyu ya ruga gaba don ya tari ƙwallo, sai na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Ya juya yana neman wanda ya shure shi ta baya. Babu kowa a bayansa. Agarar ce ta tsinke.

Na huɗu. Rahoton da ka aiko mini in sa hannu ya ce an gargaɗi ɗan wasa, shi ya nace sai ya buga. Baba, wa ya gargaɗe shi? Ni ban yi ba, kai ma ba ka yi ba. Wannan layi ɗaya ya isa ya gama da shi. Cibiyar da ke gyaran 'yan wasa a ƙasarsu ta rubuto masa cewa ba ta ɗaukar wanda ya yi kunnen ƙashi da shawarar likita, kuma ƙarshen watan nan za ta rufe ɗaukar mutane. In bai shiga can ba, zai warke ya yi tafiya kamar kowa, amma ba zai sake gudu a filin tanis ba. A shekarunsa babu wanda zai jira shi.

Yanzu yana unguwar Gorton ta Manchester, a wani ɗaki a hawa na biyu, wurin wani ɗan ƙasarsu mai aikin gasa burodi. An yi masa aiki, yana hawa bene a zaune, mataki-mataki, sandunan a cinyarsa. Duk Asabar nakan taso daga unguwarmu Sparkhill in motsa masa ƙafar. Makon jiya, ina tsakiyar aiki, ya tambaye ni a hankali ko tun ranar na san ba gajiya ba ce. Na ce masa na sani. Bai yi faɗa ba. Ya janye ƙafarsa daga hannuna, ya ce in ba shi minti biyar. Na fita na zauna a matakala na yi kuka.

Wasu dattawa sun kira ni, sun ce in rufa maka asiri, mu kaɗan ne a ƙasar nan, bai kamata a ji kanmu a kan wani Bature ba. Na ji su. Amma Baturen nan amana ce aka kwantar a gabanmu mu biyu, kuma girmamawar da na yi maka ranar, da ƙafarsa aka biya.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka janye wancan rahoto, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ka aika wa cibiyar kafin wa'adin ya cika. Sannan ka hau motarka ka je Gorton, ba nisa daga gidanka, ka dubi idon mutumin nan.

Idan Litinin ta zo ban ji daga gare ka ba, zan aika wa cibiyar shafin littafina da bayanina. A layin farko zan rubuta cewa na ga kumburin, na yi shiru, na ɗaure ƙafar da hannuna. Na san hakan zai iya sa a binciki lasisina kafin naka, kuma na shirya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani, ya yafe mana mu duka, ya ba Bastien lafiya.

Wassalam.

'Yarka,
Maimuna,
Sparkhill, Birmingham.