Shafi Na Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga ƙanin mijina, Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Wayarka kullum tana cikin aljihun rigar da ka rataye, kai kuma kana can saman tsani da buroshi, shi ya sa na koma wa takarda.

Ranar Talata mai buga littafi ya kawo mini gwajin littafin yayanka, guda ɗaya tak, in duba kafin ya kunna inji. Shafi goma sha shida, da shuɗin bango, sunan Malam a sama, naka a ƙasa. Na zauna a kujerarsa ta bakin taga na buɗe, ban kai shafi na uku ba na rufe. Sai da na yi kukana ya ishe ni sannan na ci gaba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin duba yanayi yana auna ruwa da iska da zafi, ba shi da burin da ya wuce ya bar wa ƙananan yara littafin da zai gaya musu daga ina ruwan sama yake zuwa. Ga littafi ya fito, shi ba ya nan.

Zanenka kuwa, ban so in faɗa ba don kada kanka ya ƙara girma, amma ka yi ƙoƙari. Wa ya zaci mai rubuta "Ana Ɗinki A Nan" a jikin bango zai zana raɓa a kan ganye har mutum ya ji kamar ya shafa?

To ga abin da ya sa na rubuto. Jiya na tafi da littafin makaranta na nuna wa 'yan ajina, 'yan aji ɗaya, su arba'in da biyu. Sun so bakan gizo, sun sha dariyar mutumin da iska ta ɗauke wa hula. Da muka zo shafi na goma sha ɗaya, na tsawa da walƙiya, na karanta musu abin da Malam ya rubuta: "Idan kun ji tsawa, ku bar wasa, ku nemi mafaka." Na ce, "To, ina za ku gudu?" Suka haɗa baki, har da masu miƙewa tsaye: "Gindin bishiya, Malama!"

Na juyo da littafin na duba, ashe abin da ka zana ke nan: yara biyu sun rungume juna a gindin wata ƙatuwar bishiya, walƙiya tana tsaga sama a bayansu. Ka san lokacin tsawa babu wurin da ya kai gindin bishiya hatsari. Yayanka ya faɗi wannan har bakinsa ya gaji.

Na ce wa mai buga littafi ya dakata. Ya ba ni mako uku, don makarantu shida suna jiran littafin kafin damina ta sauka. Don Allah ka sake zana wannan shafin, ka shigar da yaran cikin ɗaki.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Ka huta lafiya.

Ni ce matar yayanka,
Malama

*

Zuwa ga matar Yaya, Malama mai jan biro,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode. Muna lafiya lau, sai kewa. Amin, Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ni dama na san ba za ki bar littafin nan ya wuce ba sai kin ɗiga masa jan biro. Ki sa a gyara duk shafin da kike so. Ki ce hular ta yi girma, in rage ta. Ki ce bakan gizon ya karkace, in miƙe shi da guduma. Amma na goma sha ɗaya ba zan taɓa shi ba, kuma zan gaya miki dalili, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba.

Yaran nan biyu ni ne da Yaya. Ina ɗan shekara biyar, shi yana sha biyu, ruwa ya tare mu muna dawowa daga aike, muka fake a gindin wata bishiya. Tsawar farko da aka yi na saki fitsari a wando. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe mini kai, ya toshe mini kunnuwa da hannunsa har ruwan ya ɗauke. Da muka koma gida bai tona ni ba, ya ce ruwa ne ya jiƙa ni.

Kin kuma san yadda muka kasance da muka girma. Yaya bai taɓa ɗaukar zane a bakin sana'a ba. Ya so in yi karatu in zauna a ofis, ni kuwa na bi gwangwanin fenti. Shekara arba'in ina zane, na zana bayan motoci, na zana shaguna, har wani asibitin yara na yi wa bango guda, Yaya ya zo ya tsaya ya duba ya ce, "To, Allah ya taimaka." Iyakarta ke nan. Da ya kira ni ya ce ni zan yi masa hotunan littafinsa, na ɗauka don ya rasa wani ne.

Ranar da na kawo masa zanen, kina ciki kina haɗa masa magani. Yana kishingiɗe a falo, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "to, to." Da na miƙa masa wannan na ce, "Yaya, mu ne fa, ranar da ruwa ya tare mu." Ya riƙe takardar ya daɗe, yana shafa ta da babban yatsa. Sannan ya ce, "Auta, wannan ya fi duka kyau. Kada a taɓa shi." Na fita waje na tsaya bayan motar maƙwabcinku, ni da furfurata, ina share hawaye da hula. Bayan kwana goma sha tara ya rasu.

To ki gaya mini, Malama, ni da ke wa ya kai shi sanin tsawa? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon sama ya duba ya ce kada a taɓa, sai mu mu taɓa? Idan hankalinki bai kwanta ba, a ƙara layi ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe, a ce kada yara su fake a gindin bishiya. Ni da kaina zan rubuta, kin san hannuna.

Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce za ta leƙo ranar Asabar.

Naki,
Auta Mai Fenti

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Takardarka ta same ni, na karanta ta sau uku, kuma kwana huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Maganar ƙarin layi ba za ta yiwu ba. Ɗan shekara biyar ba ya karanta baƙaƙe, manya ko ƙanana, hoto yake karantawa. Shekara ashirin da shida ina tsaye gaban irinsu. Za su ɗauki littafin su tafi da shi gida, babu malami a kusa, abin da ido ya gani shi zai zauna. Akwai wata 'yar mitsitsiya a ajina da take tafiyar rabin awa a ƙasa, hanyarta duk bishiyoyi. Ita ta fi kowa ɗaga murya ranar nan.

Yanzu sai abin da na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Allah ya yafe mini, Malam ma ya yafe mini.

Auta, yayanka bai ga zanen ba. Bai ga ko ɗaya ba. Ciwon sugan nan ya cinye idonsa tun fiye da shekara guda kafin rasuwarsa. Haske da duhu kawai yake bambancewa, sai inuwar mutum idan ya gitta ta bakin ƙofa. Gwangwanin awon ruwan da ya kafa a tsakar gida bayan ya yi ritaya, ni nake zuwa in tsiyaye shi a kwalba kowace safiya, in karanta masa lamba, in rubuta a littafinsa. Rabin littafin yaran nan ma da baki ya faɗa, ni na rubuta. Ya haddace taku nawa ne daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa ƙofa. Idan baƙo zai zo sai ya sa tabarau ya ɗora jarida a cinya. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, musamman kai. Ya ce shi ne babba, ba zai yarda ƙaninsa ya ja shi da sanda ba.

Da ya ga bishiyar nan, wallahi da bai bari ta kwana a gidan ba. Kai ma ka san haka.

Na san abin da na ɗauke maka da wannan takarda. Na auna shi da yara arba'in da biyu, da na sauran makarantu da ban san fuskarsu ba, na ga ba ni da wata hanya. Idan ka ji haushina, ka ji, ina da haƙƙinka. Saura kwana goma sha biyu.

Allah ya sanyaya maka.

Matar yayanka

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ko da yake maiɗakinka ta gaya mini kwana takwas ba ka buɗe shago ba, abinci ma sai ta yi da gaske.

Ba ka amsa mini ba, ban kuma ga laifinka ba. Na biyo ta shagon shekaranjiya na tarar da kwaɗo a ƙofa, da wani allo jingine a bango an rubuta rabi an bari. Na daɗe a tsaye kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Akwai ragowar magana, kuma wannan laifina ne, shi ya sa na kasa haɗa ta da waccan. Ranar da ka kawo zanen, bayan ka fita, Malam ya kira ni ya miƙo mini takardar yaran nan biyu, ya ce, "Gaya mini abin da ke ciki." Ina riƙe da kofi da ƙwayoyin magani, ruwa yana tafasa a kan wuta. Na ɗan leƙa na ce, "Yara biyu ne da ruwan sama." Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, karɓi maganinka." Ni mai ido ban duba ba. Da na tsaya minti ɗaya na ce masa ga bishiya, da shi da kansa zai kira ka ya ce ka gyara, ku yi faɗanku irin na kullum ku shirya. Na hana ku wannan, kuma kullum sai na tuna.

Bayan ya sha maganin ya ƙara tambayata, "Ya iya kuwa?" Na ce, "Ya iya mana." Ya ce, "Na sani. Tun yana zane da gawayi a bangon Inna ya iya. Tsoro nake ji in yaba masa ya ƙi karatu, da ya ƙi karatun kuma sai bakina ya riga ya saba da shiru." Ya sa na ajiye takardar a ƙarƙashin matashinsa, a can na same ta bayan rasuwarsa.

Mai buga littafi ya ce idan babu sabon zane zuwa Litinin, sai dai a fitar da shafin babu hoto, baƙaƙe kawai a kan farar takarda. Na amince. Ba zan nemi wani ya zana ba, ba hannun da zai shiga littafin nan bayan naka. Amma shafin da ya fi kowane muhimmanci shi yara za su tsallake, don ba abin kallo.

Ba na matsa maka. Ka dai ci abinci, don Allah.

Matar yayanka

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Na ga takardunki duka biyu. Ina lafiya.

Maganar gawayi da bangon Inna, ban sani ba ko ya faɗa, ko ke kika haɗa don ki lallashe ni. Ba zan tambaye ki ba, ke ma kada ki rantse. Na karɓa a haka.

Ga zanen nan cikin kwali, kada a naɗe shi, fentin bai gama bushewa ba. Babu bishiya. Yaran suna cikin ɗaki, ƙofa a rufe, walƙiya tana can waje. Ki kai wa mai buga littafi yau.

Abu ɗaya ne na kasa. Za ki ga babban yana tsaye ya juya baya, yana kallon sama ta gilashin taga, ƙaramin yana zaune a ƙasa yana kallon babban. Ba haka na so ba. Sau uku ina sake takarda don in juyo da fuskarsa ya dubi ƙaramin, hannuna ya ƙi. Ban san yadda fuskarsa take ba idan yana kallona.

A buga shi haka.

Ki huta lafiya. Allah ya jiƙan Yaya.

Auta